Yatsa Takwas Zuwa Rijiyar Kudu

Da sunan Allah nake farawa, Mai sama da ƙasa, Mai duniyar da muka sani da waɗanda ba mu sani ba. Na zaune su gyara zama, na tsaye su nemi dutse. Wanda kuwa ya zo don ya sha dariya, ya yi haƙuri ya koma gida, yau ban fito da ita ba.

Ni ne Tunau ɗan Nomau, gyartai. Ƙwarya in ta tsage a kawo mini, in huda ta da basilla, in ɗinke da zare, ta koma riƙe nono kamar ba ta taɓa faɗuwa ba. Wana guda ɗaya ne, Korau, mai haƙar rijiya, ƙato, in yana dariya sai ka ce ana mirgina turmi. Shi ya raine ni bayan rasuwar iyayenmu, har na yi gemu bai daina kirana Auta ba. Shi Allah ya ba shi ƙarfi da haƙuri. Ni kuwa aka ba ni siraran yatsu da dogon baki.

Wata shekara ruwa ya ƙi garinmu, Korau ya rantse sai ya tono shi. Ya haƙa gaba arba'in, babu. Ya haƙa sittin, ko laima. Ran nan na sauka kai masa fura, ina tsaye a bayansa ya ɗaga diga ya daki ƙasa, sai haske ya ɓullo daga ƙarƙashin ƙafafunmu. Kafin in ce Yaya, ƙasa ta buɗe, muka zurma. Muka faɗi tim a kan tudun yashi, fura ta biyo mu ta wanke mini fuska. Na ɗaga kai in ga ramin da muka fito, babu rami, sai sama fetal da wata rana mai kore-kore.

Mutanen wurin kamar mu suke, harshensu ma namu ne, sai dai suna jan magana kamar masu jin barci. Sunan duniyarsu Zarkanda. Ƙarama ce ƙwarai, mai ƙafa in ya miƙe gabas, cikin kwana ɗari da ashirin zai dawo inda ya tashi ta yamma. Muka shiga neman hanyar gida. Mun haye wani kogi da ke gudu gabas da safe, in rana ta karya ya juya yamma, masu jirgin can ba su san tuƙi ba, jira kawai suke yi. Mun ratsa wani gari da kajinsu suka kai jakai girma, da su ake huɗa. Wani zakara ya bi ni da gudu har sai da Korau ya rungume wuyansa ya kayar. Duk wanda muka tambaya hanya sai ya ce mu je Dutsen Fitila wurin Iya Dudu, ita ce duniya ke ɗakinta.

Ashe ba zance ba ne. Iya Dudu tsohuwa ce tukuf, haƙori ɗaya ya rage mata, a tsakar ɗakinta kuwa ga wani duma da ya kai tsayin mutum. An sassaƙa Zarkanda kaf a jikinsa, kowane gari da kowace rijiya an huda musu ɗan rami. Amma duman ya tsage tun daga wuya har ƙasan ƙugu. Ina ganin tsagar hannuna ya fara ƙaiƙayi.

Na ce, “Iya, wa ya bar wannan haka?”

Ta ce, “Wanda zai gyara ne bai zo ba, ɗan nan.”

Kwana tara na yi ina ɗinki. Tsagar ta bi ta kan wata rijiya can arewa, ta ratsa wani birni, ta gangara ta kan wata rijiya kusa da ƙugu. Ni kuwa ɗinkina ba ya fin juna tazara, Iya ta ce kowane ɗinki ɗaya ya yi daidai da tafiyar yini guda. Haka na haddace nisan wuraren ba tare da na yi niyya ba.

Da na gama ta ce ba ta da abin ba ni sai abin da ta sani. Ta miƙo mini ƙwarya ta ce, “Shimfiɗa mini wannan a ƙasa kamar buzu.”

Na ce, “Haba Iya, ai fashewa za ta yi.”

“Taka mana.”

Na kife ta na taka, ta yi ɓaras, ta rabu gida biyar.

Ta ce, “To ka ga wahalar masu taswira ke nan. Duniya dunƙulalliya ce, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya. Ko ka tsaga, ko ka ja, ko ka matse. Ba wanda ya taɓa tsira daga ukun nan.”

Ta rufe ƙofa da rana tsaka, ta kunna fitila ta zura cikin duman, haske ya fito ta kowace huda. Ta ɗauko farar tabarma ta naɗe duman da ita a tsaye, tabarmar ta taɓa shi a ƙugu kaɗai. Ta sa na bi ɗigon haske ina yi musu alama da gawayi. Da muka warware, garuruwan ƙugu sun fito daidai, amma duk yadda ka yi sama ko ƙasa sai tazara ta yi ta miƙewa. Wani ɗan tsibiri can arewa da bai kai tafin hannu ba a jikin duma, a tabarma ya yi kamar fatar sa. Sannan ta kifa masa malafa, ta zauna a kafaɗarsa. A nan kuma zoben da malafar ta taɓa shi ne daidai, saura sun gurɓata. Daga ƙarshe ta manna masa faifai a gefe. Wuri ɗaya tak ya taɓa, nan ne kaɗai bai yi ƙarya ba.

Na ce, “To Iya, wacce ce ta gaskiya?”

Ta ce, “Duman. Sauran kowacce gaskiyarta tana inda ta taɓa shi. In an nuna maka taswira, kafin ka ɗora ranka a kanta, ka bincika ina ta taɓa.”

Korau duk wannan yana jingine da bango yana minshari. Da na tashe shi ya ce shi dai ƙasa ta ciki ya san ta, ba ruwansa da bayanta. Hanyar gida kuwa Iya ba ta sani ba. Ta ce mu gwada Birnin Gwazarma, birnin nan da ɗinkina ya ratsa, can fatake ke haɗuwa. Ta raka mu bakin dutse, ta dube ni ta ce in riƙa taunawa kafin in furta. Na yi dariya na ce to.

Gwazarma tana tsakiyar wani fili na gishiri, fari fat, ba ciyawa ba tsuntsu. Kogi ɗaya ne ke shigo mata ta gabas, ta nan fatake ke zuwa, ta nan muka shiga. Mai mulkin garin mace ce, Magajiya Lantana, 'yar ƙarama mai sanyin murya, kullum da ƙoƙon aya a cinyarta tana tauna. Al'adarsu duk baƙo sai an kai shi zaurenta ya yi gaisuwa. Muka durƙusa. Ina ɗaga kai na hangi wata taswira a kan farar fata, ta rufe rabin bango. Kallo ɗaya na yi mata na gane ta.

Wallahi na ji maganar tana tahowa, na kuma bar ta ta fito. Na tashi na ɗora yatsa a kan fatar na ce, “Yaya, dubi, irin ta tabarma ce. Ka ga yadda arewa ta kumbura?”

Ashe a garin mutum ɗaya ne ke taɓa taswirar nan, wani jami'i da ake kira Mai Yatsa. Duk wanda ya taɓa in ba shi ba, hukuncin gora ya hau kansa.

Magajiya ta tofar da ɓawon aya ta ce, “Baƙo, kada ka ji tsoro, ni ban taɓa kashe kowa ba. Ƙofa biyu gare mu bayan ta fatake, ta arewa da ta kudu, kowacce akwai rijiya a ƙarshen hanyarta. Kai za ka zaɓa. Mai Yatsa zai auna nisan a kan taswira, kowane yatsa a ba ka gorar ruwa guda, ta yini ɗaya. In ka kai rijiya ka kawo mini lakarta, laifinka ya wanke. Ka ga zalunci a nan?”

Mai Yatsa, wani tsoho, ya matso ya auna da manuninsa a kwance, yana ƙirgawa da ƙarfi. Kudu yatsa bakwai. Arewa goma sha biyu. Wani dogari ya raɗa mini cewa kowa kudu yake zaɓa don ta fi kusa, kuma tun kakanninsa ba a ga wanda ya dawo ba.

Korau ya zube ƙasa ya ce, “Ranki ya daɗe, wawa ne, tun yana ƙarami haka yake. Ni na raine shi, laifin nawa ne. A tura ni.”

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Kai ai asara ce a tura ka. A kai shi ramin gishiri ya yi mana haƙa, a sa masa mari a ƙafa. Ƙanen in ya dawo ma yi magana.”

Aka ja shi ina kallo. Tun daga lokacin ban da wani buri a duniyar nan ko waccan sai in fitar da Korau daga Gwazarma da ransa.

Na ce arewa na zaɓa. Zaure ya ɗauki dariya. Ni kuwa ina ƙirga ɗinkina a zuci. Daga birnin zuwa rijiyar arewa ɗinki takwas ne, zuwa ta kudu goma sha ɗaya. Taswirar tabarma ta ja arewa ta yi tsawo, kudu kuwa da ke wajen ƙugu ba ta ja ta haka ba. Mutane suna karɓar gora bakwai su kama tafiyar kwana goma sha ɗaya cikin mafi zafin ƙasa, suna murna wai sun zaɓi kusa.

Na saɓa sanda da goruna goma sha biyu na fita. Kwana huɗu ba abin da ya dame ni sai nauyi. A na biyar sanyi ya sauko, irin wanda ban taɓa jin labarinsa ba. Da safe na ji ƙas, ƙas, goruna na tsagewa. Na ce shi ke nan ruwa ya tafi. Da na duba, ko ɗigo bai zuba ba, ya daskare ya zama dutse, shi ya kumbura ya tsaga su. Na zauna nan na zaro basilla na ɗinke su tun ruwan yana barci, na toshe da ƙaro. Wadda zan sha kuwa in rungume ta a hammata har ta narke. Yatsun ƙafata biyu suka yi baƙi a wannan tafiya, har yau ba na jin su.

A bakin rijiyar na tarar da wasu fararen kuraye guda shida, ba kuka ba dariya, sun kewaye ni suna matsowa kaɗan kaɗan. Ba ni da makami sai basilla. Na ɗauki gorar da na shanye na hura bakinta da dukkan ƙarfina, ta yi wani ruri mai kauri. Ba su taɓa jin irinsa ba, suka ja da baya. Haka na yi ta hurawa ina ɗiban ruwa da hannu ɗaya har na cika goruna, na danƙo shuɗiyar lakar rijiyar na ƙulle a riga. Ran kwana goma sha bakwai na ƙwanƙwasa ƙofar arewa. Mai gadin ya gan ni ya yar da mashi ya ruga.

Na zaci Magajiya za ta yi fushi. Ina! Ta juya lakar a hannu, ta sa aka ba ni wurin zama, har ta ɗebo aya ta miƙo mini. Ta ce, “Ya aka yi, gyartai?”

Ku ji wauta. Kwana goma sha bakwai ban yi magana da kowa ba, ga zaure cike ana kallona kamar waliyyi. Sai na saki baki. Na faɗa mata duma, na faɗa mata fitila, tabarma da malafa da faifai, ban rage komai ba. Har da cewa mai taswira shi ke zaɓar wurin da za ta faɗi gaskiya da wurin da za ta ja ko ta matse. Tana ta gyaɗa kai kamar ɗaliba.

Ta sa aka kawo Korau. Na kusa in kasa gane shi. Ya rame, idanunsa jajur, gishiri ya cinye masa ƙafafu daga idon sawu zuwa ƙwauri, duk gyambo. Da ya gan ni ya washe baki ya ce, “Auta, ashe ba ka mutu ba.”

Magajiya ta ce, “Kai laifinka ya wanke, ga ƙofar gabas can. Wanka kuwa yana mini amfani. Amma akwai abin da ya fi shi amfani a wurina. Yanzu duk gari ya san arewa ba ta kisa. Ka yi mini taswirar da hanyar arewa ba za ta wuce yatsa biyar ba. Ban yarda ka zana da ka ba, haske nake so ya zana a gaban shaidu, kada a ce Lantana ta yi coge. Ka yi wannan in sakar maka shi, ku tafi tare.”

Korau ya ce, “Kada ka yi, Auta. 'Ya'yan mutane za a kashe da ita.”

Na san gaskiya ya faɗa. Ba zan ce muku ban gane ba, na gane sarai. Na dubi ƙafafunsa, na ce da Magajiya a ba ni kwana bakwai da masaki babba.

Na sassaƙa rabin Zarkanda a bayan masakin yadda na haddace, na huda garuruwa da rijiyoyi. Wurin da na sa a ƙoli shi ne ƙugun duniya, can kudu da birnin, arewa kuwa ta gangara wajen baki. Ran bakwai da rana ta take tsaka, na shimfiɗa babban faifai da na shafe da farar ƙasa a filin fada, na kife masakin a kai na ɗan ɗaga shi. Rana ta ratsa hudojin ta sauka a miƙe. Na ƙoli suka fito da tazararsu kusan daidai, na gefe kuwa, inda masakin ya yi gangare, suka cunkushe da juna. Shaidu suka yi alama da gawayi da hannunsu. Na auna. Arewa yatsa biyar, ga tafiyar kwana takwas cikin sanyin nan. Kudu yatsa goma, ga tafiyar kwana goma sha ɗaya. Da gangan na bar kudu kusa da gaskiya. Na ce a raina mai ƙarfi in ya yi tattali zai kai, da wannan na lallashi kaina.

Magajiya ta ji daɗi ƙwarai. Nan take ta tuɓe tsohon ta naɗa ni Mai Yatsa. Sannan ta ce, “Jibi za a gwada ta. Wanka zai fita, arewa ko kudu, ya zaɓa.”

Na ce, “Ranki ya daɗe, ba haka muka yi ba. Kin ce za mu tafi tare.”

Ta ce, “Na ce, na kuma fasa. Wurin wa za ka kai ƙarata? Sabuwar taswira ce, ina so in ga aikinta. In ya kai rijiya, shi ke nan, na bar ku. Ka ga har yanzu ban kashe kowa ba.”

Na roƙa, na yi birgima a ƙasa, na ce a tura ni a madadinsa. Ta ce Mai Yatsa ba ya fita, ta ci gaba da taunar ayarta.

Da la'asar aka bar ni na leƙa ramin gishiri. Na ce, “Yaya, ka zaɓi kudu. Kwana goma sha ɗaya ne, gora goma za ta fito, amma ni zan auna. Zan mai da ita goma sha ɗaya.”

Ya ce, “Goma ta ishe ni. Kada ka ƙara wata dabara, don Allah. Dabararka ce ta kawo mu nan.”

Ban ji ba. Na dubi ƙafafun nan na ce goma ba za ta kai shi ba. In manunina ya ƙara sirancewa ko da kaɗan ne, yatsa ɗaya zai ƙaru a hanyar. Mu masu aikin duma in muna son gora mai siririn wuya, tun tana ɗanya muke ɗaure ta da igiya, ta girma a haka. Sai na jiƙa zaren fata na naɗe manunina na dama tun daga farce har gindi, na ja tamau. Fata in tana bushewa tsukewa take yi. Yini biyu na ɓoye hannun a riga, zafi har cikin haƙorana, ina murna wai aiki na ci.

Da safen ranar na laɓe bayan zaure na warware. Kai, yatsan ya yi fari, ya sirance kamar tsinke. Na ce alhamdu lillahi, goma sha biyu ma za ta fito. Na shiga na tsaya gaban faifan. Sai aka ce Magajiya tana karin kumallo. Da ta fito kuma ta tsaya sauraron wasu mata biyu da ke rigima a kan akuya. Ina tsaye na ji jini ya dawo yana bugawa. Na saci kallon hannuna. Yatsan ya yi ja, ya koma shuɗi, yana ta cika a kan idona. Kafin a gama shari'ar akuya ya yi kaurin rogo.

Aka shigo da Korau, aka cire masa mari. Ya ce kudu.

Na miƙa hannun hagu. Magajiya ta ce, “A'a. Manunin dama, haka muka gada.” Ta ga yatsan, ta dube ni, ta yi ɗan murmushi. Ta sauko da kanta da ƙoƙon aya ta tsuguna kusa da ni. Duk inda na ɗora yatsa sai ta ajiye ƙwayar aya a gefensa don kada in koma baya. Na danna, na karkata shi, na yi duk abin da zan iya, hawaye na zuba kan farar ƙasa. Ɗaya, biyu, uku. Ni nake ƙirgawa da bakina, haka dokar take. Aya takwas ta jeru, ɗan guntu ya rage kafin rijiyar.

Na ce, “Ranki ya daɗe, ga saura.”

Ta ce, “Ba a ba da rabin gora.”

Korau ya dubi yatsan, ya dubi sawun zaren a jikinsa, ya gane komai. Na so ya zage ni, na so ya mare ni. Sai ya bushe da dariyar nan tasa har dogarai suka waiwayo. Ya ce, “Kai Auta! Yatsa ka ɗauka duma ne?”

Na raka shi ƙofar kudu. Ya saɓa sandar da goruna takwas, yana takawa a hankali saboda gyambon. A bakin ƙofa ya kama hannuna ya juya shi ya ce, “Ka samu man kaɗe ka shafa, kada ya ruɓe. In ya lalace da me za ka ci abinci?” Ya dafa kaina ya juya. Aka rufe ƙofa.

Kwana ashirin na yi a fada ina jiran a ƙwanƙwasa ƙofar nan. Ba na ci, ba na magana. Ran ashirin da ɗaya Magajiya ta kira ni, ta ba ni raƙumi da salkuna huɗu cike da ruwa. Ta ce, “Je ka ka duba aikinka. In ka ga dama ka dawo ka ba ni labari, in ba ka dawo ba ma na ji.”

Na bi sawunsa, gishiri ba ya ɓatar da sawu. Na riƙe raƙumin a tafiyar mutum don in san inda kowane yini ya kai shi. Ga ƙasusuwan mutanen da a gefen hanya, yawancinsu wajen zango na bakwai da na takwas. Gorarsa ta farko ban gan ta a ƙarshen yinin farko ba, sai da hantsin washegari. Ta biyu da azahar ɗin rana ta uku. Ashe kowace gora sai da ya sa ta yi masa yini da kwata, da ƙafafun nan, cikin zafin nan. Ban so in yi lissafi ba, kaina ya yi da kansa. Da a ce da goma ya fita, yadda ya roƙe ni, da ya kai rijiya da saura a kafaɗarsa.

Ta takwas na tsince ta a ƙarshen zango na goma. Sawun bai tsaya ba, ya ci gaba, yana karkacewa. Da hantsin rana ta goma sha ɗaya na same shi. Ya kwanta ta gefen dama, ya fuskanci gabas, ya rufe fuskarsa da hula. Gishiri ya busar da shi, ko tsuntsu bai taɓa shi ba.

Daga kan raƙumi na hangi kawunan itatuwan dabino a gaba, kore shar. Na sauko na tsaya inda ya tsaya, na yi ɗage, ban ga komai ba sai farin fili. Doron ƙasa ya tare su. Bai ma san ya zo ba.

Na fasa gorarsa ta ƙarshe na tona gishirin da ita. Na yi masa wanka da ruwan Magajiya, salka guda cur na zuba masa, na yi masa salla ni kaɗai, na rufe shi. Sannan na ja raƙumin a ƙasa, na ƙi hawa, ina so in san abin da ya rage masa. Kafin inuwata ta kai tsayina ina bakin rijiyar. Ruwan a kusa yake, ko guga ba ya so, ga sanyi ga daɗi. Na durƙusa na ɗiba da hannun nan na dama. Na sha, jama'a. Wallahi na sha har na ƙoshi.